Ruwan da Ba a Kiran Sunansa

A taswirar gwamnati Rijiyar Garrick ake ce wa wurin, kuma duk garinmu, a nan dajin Ostareliya, babu wanda bai san ƙarya biyu ce a cikin wannan suna ba. Da farko dai ba rijiya ba ce, idon ruwa ne a tsagin wani jan dutse, wanda ko a shekarun da fari ya riƙa kayar da shanu bai taɓa ƙafewa ba. Na biyu kuma, tsoho Garrick ko cikin cokali na ƙasa bai haƙa a wurin ba. Kakan Ena, wata tsohuwar garinmu, shi ne ya tsince shi a daji, dokinsa ya mutu, ƙishirwa ta kumbura masa harshe, ya ja shi har bakin ruwan ya ba shi ya sha. Da Bature ya farfaɗo sai ya ga wurin ya yi masa, ya kewaye shi da waya ya zuba shanu. Masu awon ƙasa da suka zo daga baya, mai waya suka tambaya sunan wurin, ba su tambayi masu ruwa ba.

Ruwan yana da sunansa na gaskiya, wanda ya girmi waya da shanu da taswira. Ni dai ba za ku ji shi a bakina ba, kuma nan gaba kaɗan za ku san dalili. A gindin wata bishiya da ke bakin ruwan aka haifi Jangala, yayan Ena, don haka shi ya ci sunan wurin. Jangala sunan zumunta ne kawai, irin wanda kowa ke da shi don ya san wa zai aura da wa zai yi wa kunya, kamar yadda ita Ena take Nangala. Amma idan uwarsu ta hau tudu da yamma tana kiran ɗanta ya dawo gida, da sunan ruwan take kiransa.

Jangala ya yi kiwon shanun gidan Garrick a kan doki har ƙafafunsa suka gwame. Da ya tsufa sai ya ɗora wa kansa aiki ɗaya, wato sai an mayar wa ruwan da sunansa a taswira. A birnin Darwin akwai kwamitin da aikinsa ke nan, raɗa wa duwatsu da ƙoramu da tituna suna, kuma mutane ne masu haƙuri, irin haƙurin da ke ƙarar da na wasu. Sai majalisar yanki ta yarda, sai an tambayi maƙwabta, sai an buga sanarwa a jarida an jira ko akwai mai ja. Sai kuma an bincika babu wani wuri kusa mai suna irin wannan, kada wata rana motar asibiti ta ɓace hanya. Bayan duk wannan ne kwamiti zai zauna, minista ya sa hannu, sannan a buga allo. Jangala yakan ce a duk faɗin Ostareliya bai ga abin da ya kai mayar wa mai kaya da kayansa wuya ba, amma bai fasa ba.

Mai ja kuwa kullum mutum ɗaya ce, Hazel Garrick, jikar tsohon, wadda ke zaune ita kaɗai a tsohon gidansu mai baranda can bayan dutsen. Abin da ya fi yi wa Ena ciwo shi ne nono ɗaya suka sha. Uwar Hazel ta rasu tana jaririya, uwar Ena kuma a lokacin tana aiki a kicin ɗin gidan, sai ta rungumi 'yar Bature a gefe ɗaya, tata a ɗaya gefen. Ita ce ma ta ba Hazel sunan zumunta irin na 'yarta, Nangala. Su uku suka tashi a bakin ruwan nan, suna tonon ƙadangaru suna shan duka tare, har ranar da aka tura Hazel makarantar kwana a kudu. Ta dawo da takalmi a ƙafa da wata irin gaisuwa ta daga nesa, daga nan zumunci ya riƙa tsinkewa zare-zare.

Ranar da ya tsinke gaba ɗaya, a zauren majalisa ne, ana sauraron masu ja. Jangala ya miƙe ya cire hularsa, ya ce ba ya so ya yi shari'a da ƙanwarsa. Hazel ta miƙe a gaban jama'a, fuskarta jawur, ta ce ita ba ta da yaya, mahaifinta 'ya ɗaya ya haifa. Jangala ya mayar da hularsa ya zauna, bai ƙara ta da maganar zumuncin ba. Ena kuwa tun daga ranar ko a kanti suka haɗu sai ta juya tana karanta gwangwanayen wake, ita da ba ta iya karatu ba.

Duk da haka magana ta yi ta tafiya, sannu ba ta hana zuwa. Har aka kai inda abu ɗaya ya rage: kwamiti yana so ya ji sunan daga bakin mai shi. A takardunsu akwai shi iri uku, na wani ɗan mishan, na wani mai awon ƙasa, da na wata malamar jami'a, kuma duk wanda aka karanta wa Jangala sai ya yi dariya har ya ƙware. Suka ce to ya faɗa musu ta waya su ɗauka. Nan fa tsoho ya yi ƙememe. Ya ce suna ba naman gwangwani ba ne da za a aika a mota, in suna so su zo bakin ruwan, su tsaya ruwan ya gan su, sannan su ji. Ena ta yi masa faɗa, ta ce ya dubi kansa a madubi, mutumin da numfashinsa ke fita da ƙyar ba shi ne zai tsaya yi wa gwamnati yanga ba. Ya ce ita dama tun tana ƙarama gajen haƙuri ne da ita. Hali zanen dutse, haka aka bar shi, kwamiti ya yi alkawarin turo mutum idan zafi ya lafa.

Zafi ya lafa, amma Jangala bai jira ba. Wata ranar da hantsi ya ci jelar kangaru, dabbar dajin nan mai tsalle, da 'yarsa Noreen ta gasa masa, ya yaba, ya jingina da kujerarsa a inuwa, shi ke nan.

Aka yi abin da ake yi. Aka bar gidan, aka koma zaman makoki a bayan gari, mata suka yanke gashi suka shafa farar ƙasa, aka bi sawunsa da ganye aka share, aka sauke hotunansa daga bangon majalisa. Sunansa kuma ya bi shi. Babu mai sake furta shi har sai tsofaffi sun ga lokaci ya yi sun sake shi, wanda kan ɗauki shekaru, don kada mamaci ya ji ana kira ya waiwayo ya kasa tafiya. Duk mai suna irin nasa ya koma Kumanjayi, kamar yadda ake ce wa wanda sunansa ya shiga makoki. Ruwan ma ya koma Kumanjayi.

Ena ta yi kuka kamar ranta zai fita, don ɗan'uwa rabin jiki ne, kuma shi kaɗai ya rage mata cikin waɗanda suka san ta tana yarinya. Amma a ƙarƙashin kukan akwai fushi, kuma ta san da shi. Da ya buɗe baki ya faɗa a waya, da yanzu an gama. Ga shi ya tafi ya bar mata aikin a ka, ya kuma ɗaure mata bakin da za ta yi shi.

Farar ƙasa ba ta gama fita daga goshinta ba mutumin kwamiti ya iso. Sunansa Petrakis, wani kakkaura mai furfura a gefen kunne, hancinsa ya sale da rana, kuma mutumin kirki ne, wannan kam ba za a hana shi ba. Labarin rasuwar ya same shi a hanya. Ya zauna a inuwar kanti da hularsa a gwiwa, ya yi ta'aziyya yadda ya kamata, bai kama suna ba, don ya daɗe a aikin ya san wannan. Abin da bai sani ba shi ne mamacin da ruwan suna ɗaya gare su. Da Noreen ta bayyana masa sai ya shiga murza hular.

Ya ce zai faɗa musu gaskiya ko da ba daɗi. Sabon titin kwalta da ake ja zai ratsa ta kusa da dutsen, kuma kafin ruwan sama ya sauka za a buga alluna a fitar da sabuwar taswira. Kwamiti zai zauna kafin nan. Idan maganar ba ta kammala a wannan zaman ba, allo zai fita da Garrick, kuma sunan da ya hau ƙarfe ya shiga wayoyin matafiya, cire shi sai an sake faro komai daga tushe. Sannan ya tambaya a hankali ko Ena za ta iya raɗa masa a kunne, su biyu kawai, can bayan kanti.

"Ɗan nan, ba kunnenka ne matsala ba," in ji Ena. "Bakina ne."

Ya nemi gafara. Don ya rage nauyin maganar, sai ya ce abin da ban mamaki, su a ƙa'idarsu ba a sa wa wuri sunan mutum sai ya mutu. Noreen ta ce ai shi ya sa ba a taɓa fahimtar juna ba, su Turawa mutum na mutuwa sai su kafa sunansa a bakin titi kowane direban tirela ya riƙa kira, mu kuma mu naɗe shi mu ajiye ya huta. Ta ƙara da cewa kada ya rubuta an sa wa ruwa sunan babanta, babanta ne ya ari sunan ruwa. Petrakis ya ce zai zauna a garin zuwa ƙarshen mako, ko Allah zai kawo mafita.

Jira shi ne abin da Ena ba ta da shi. Likita ya daɗe yana mata maganar ƙodarta, yana so ta koma birnin Alice Springs kusa da injin wankin ƙoda, kuma duk mun san tsofaffin da suka tafi wannan tafiya, mun san kuma nawa suka dawo da ƙafarsu. Kafin a saki sunan, ita ma wataƙila nata ya shiga makoki. Noreen ta san shi, amma a gutsure, irin na waɗanda suka tashi da Turanci a baki. Jikoki kuwa ko kunya ba sa ji, Garrick suke cewa idan za su je wanka. Idan Ena ta faɗa, ta ta da yayanta daga hanyarsa, ta zama abin nuni a wurin matan da suka shafa ƙasa dominsa. Idan ta yi shiru, wahalar da ya ƙarar da tsufansa a kanta ta tashi a banza. Gaba kura baya sayaki, haka ta wuni tana juya shayi har ya huce ba ta sha ba.

Ta shiga lissafa waɗanda suka san sunan daidai, tana naɗe yatsu, sai ta ga duk wanda ta kama ko ya mutu ko yana cikin makoki. Da ta zo kan na ƙarshe sai ta ja tsaki ta saki hannun. Can kuma ta sake kama yatsan ta zuba masa ido. Da yamma ta je wurin tsofaffin mata ta yi musu tambaya ɗaya: bakin bare yana ta da mamaci? Suka yi shawara a tsakaninsu, suka ce mamaci muryar nasa yake waiwaya wa, bare kuwa iska ce kawai. Washegari da safe ta ce wa Noreen ta ta da mota.

"Ina za mu, Gwaggo?"

"Gidan Garrick."

Noreen ta dube ta, ta ga fuskar ba ta wasa ba ce, ta haɗiye sauran tambayoyinta.

Gidan ya tsufa fiye da yadda Ena ta zata. Kwanon rufi ya yi tsatsa, shingen shanu ya kwanta, babu ko saniya ɗaya sai wani tsohon kare da ya yi haushi sau ɗaya don sauke nauyi ya koma ya kwanta. Hazel na zaune a baranda da sanda a gefenta, ta rame, fatar hannunta duk tabon rana. Ta daɗe tana kallon mai hawowa matakala kafin ta yi magana.

"Kin tsufa, Ena."

"Ke kuma madubin gidanku ya fashe ke nan."

Hazel ta tura mata kujera da ƙafa. Ta shiga ciki tana ɗingishi ta fito da shayi, ta zuba wa Ena sukari har ya kusa tsayar da cokali, yadda take so tun suna yara, ba tare da ta tambaya ba. Ta ce ta ji labari. Ta buɗe baki za ta ci gaba, sai ta tsaya, ta dubi farar ƙasar da ke goshin Ena, ta ce ta ji labarin tsohon, ba ta kama sunansa ba. Ena ta lura da wannan tsayawar, kuma ta so a ce ba ta lura ba, don ta zo ne da zuciyarta a ɗaure, ba ta son abin da zai kwance ta.

Ta ajiye kofi ta faɗi abin da ke tafe da ita, ba ta yi kwana-kwana ba.

"Ranar taro, a gaban jama'a, kin ce ba ki da yaya. Maganar nan na riƙe ta a cikina kamar ƙaya. To yau na zo in ci moriyarta. Duk wanda ya san sunan nan daidai nasa ne, bakinsa a ɗaure yake. Ke kaɗai kika san shi kuma ba komai kike gare shi ba. Naki bakin a sake yake."

Hazel ta yi fari fat. Ta ce wato Ena ta tako har gidanta ne ta ce mata ta sa hannunta ta goge sunan kakanta. Ena ta ce ƙwarai kuwa. Hazel ta ce ko ɗan lulluɓe maganar ba za ta yi ba? Ena ta ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Daga nan Hazel ta yi ta magana, irin ta wanda ya daɗe bai sami mai saurare ba. Shanu sun ƙare, rabin ƙasar an sayar, ɗanta yana Adelaide sai dai ya kira a waya ranar Kirsimeti ya ce ta sayar da sauran ta dawo birni. Uwarta, wadda ko fuskarta ba ta sani ba, tana kwance a bayan gidan nan. Idan ita ma ta mutu, gara za ta cinye barandar, kuma abin da zai nuna sun taɓa zama a duniya shi ne kalmar nan ɗaya a taswira. Ta san kakanta bai haƙa komai ba, ba yau ta sani ba. Amma shi kaɗai ne abin da take da shi.

Ena ta saurara, kuma abin haushi, ta ji tausayinta. Tsoron da ke cin ta ne ke cin Hazel, sai dai kowace da sunan da take gudun ya ɓace.

"In na ƙi fa?" in ji Hazel.

"Sai in tafi Alice da shi a cikina, injin ya wanke shi tare da sauran datti."

Ta miƙe da ƙyar, ta ce gobe da hantsi za su kasance a bakin ruwan, ita da mutumin kwamiti. Har motar ta fita daga shinge Hazel na zaune tana kallon kofin da Ena ta bari.

A hanya Noreen ta ce ita dai ba ta ga alamar matar nan za ta zo ba. Ena ta ce ta kula da ramin da ke gabanta. Da suka isa gari ta sa aka kira Petrakis, ta faɗa masa yadda za a yi idan an dace. Wata ce za ta faɗi sunan, ita kuma za ta zauna ta juya baya, in daidai ne ta ɗaga hannu. Ta kafa masa sharaɗi kuma: su rubuta a littafinsu, su buga allonsu, amma a naɗe allon da buhu har ranar da tsofaffi suka saki sunan. Ya ce wannan ba zai gagara ba, an taɓa yin makamancinsa. Da ya ji wadda ake jira kuwa sai ya cire tabarau ya goge, don shi ne ya yi shekaru yana karanta takardun ƙorafinta.

Da hantsi suka isa. Ena ta sauka ita kaɗai ta fara zuwa bakin ruwan, ta ɗebi yashi ta watsa a ciki, ta gaya masa su wane ne suka zo, ta ce ga baƙo daga nesa, ba da sharri ya zo ba, kada a tsorata shi. Rabonta da wurin tun kafin rasuwar, kuma ta ji nauyin yi masa magana ba tare da ta gaishe shi da sunansa ba. Ƙananan tsuntsaye masu kore suka tashi gaba ɗaya daga bishiyar da aka haifi yayanta, suka kewaya suka dawo. Noreen ta hura wuta ta ɗora gwangwanin shayi, ta binne kwaɓin burodi a toka, sannan ta shimfiɗa wa gwaggonta bargo a inuwa. Petrakis ya kafa na'urar ɗaukar murya a kan wani faffaɗan dutse, ya gyara ta, ya sake gyara ta, don ya rasa abin yi da hannunsa.

Inuwa ta yi ta janyewa. Burodi ya nuna aka tono shi, ba wanda ya taɓa. Ena ta fara shirya zuciyarta, tana gaya wa yayanta a ciki cewa ta yi iya yinta, laifinsa ne da taurin kansa. Tana cikin haka ta ji ƙarar mota tana tahowa a hankali, tana tari kamar mai ita.

Hazel ta fito da sandarta, sanye da rigar zuwa coci. Ba ta gaida kowa ba sai da ta je bakin ruwan, ta sunkuya da ƙyar, ta ɗebi yashi ta watsa. Noreen ta koma cikin mota ta ɗaga gilasai ta kunna rediyo, don 'ya ba ta jin sunan uba a irin wannan lokaci ko daga bakin waye. Ena ta juya baya ta fuskanci daji, ta ɗora hannayenta a cinya.

Ta ji Petrakis yana nuna wa Hazel inda za ta tsaya, yana cewa ta matso da bakinta kusa, ta faɗa a hankali. Ta ji Hazel ta gyara murya. Can ta ji tana cewa ba za ta iya faɗa wa wannan ƙarfen ba, ita ba haka ta koye shi ba, ba ta taɓa jin an faɗe shi ƙasa-ƙasa ba. Sai ƙarar sanda a kan tsakuwa, tana nisa, tana hawa. Ena ta gane inda ta nufa tun kafin ta isa, tudun nan ne da uwarsu ke tsayawa da yamma.

Hazel ta kira sunan. Ba ta faɗe shi kamar sunan wuri ba, ta kira shi ne yadda ake kiran yaron da ya yi nisa da gida rana tana faɗuwa, ta ja ƙarshensa sama yadda uwarsu ke ja, har da ɗan faɗan da ke cikin muryar. Dutsen ya karɓa ya mayar. Babu gutsure, babu kuskure, kamar jiya ta ji shi. Ena ta ga uwarta da gari a hannu, ta ga yaron yana fitowa daga ruwa yana dariya da ƙadangare a wuya, ta ji duk fushin da take yi da shi ya zube. Hawaye suka wanke sauran farar ƙasar da ke fuskarta. Ta ɗaga hannu sama, ta daɗe ba ta sauke shi ba.

Petrakis ya sa abin saurare a kunne, ya ji, ya sake ji, ya gyaɗa kai. Ya ce ya ɗauku tsaf, wannan ya ishi kwamiti. Da Hazel ta sauko daga tudun tana haki, sai ya ce in ba damuwa, ko za ta maimaita sau ɗaya a hankali, don ya tabbatar da rubutunsa bai karkace ba. Ena ta juyo don ta ga abin da za ta ce.

Hazel na tsaye ta dogara da sanda da hannu biyu. Ta dubi ruwan, ta dubi bishiyar.

"Ka saurara a na'urarka," in ji ta. "Ni ba zan sake ba. Kumanjayi yayana ne."

Petrakis ya rufe littafinsa. Ena ta daɗe tana kallon Hazel. Tsofaffin mata sun ce bakin bare iska ne, ga shi kuma ashe ba bare ta aika ba, yanzu sai ta koma ta yi musu bayani, kuma za a sha surutu. Ta ji a ranta cewa in ma ya waiwayo, gida aka kira shi, kuma maganar da ya mutu yana jira ce ya tarar. Ta share fuska da gefen rigarta, ta matsa gefe ɗaya a kan bargon, ta kakkaɓe yashin da ke ɗaya gefen.

"Nangala," ta ce, "zo ki zauna kafin ƙafafun nan naki su kayar da ke. Shayi na hucewa."